Daga Zangon Damagaram zuwa Tarabulus: Su Wane Ne Yahudawa?



Bari in fara da tambaya. A cikinmu nan, daga Durum zuwa Mirya har birnin Damagaram, wa ya taɓa zama inuwa ɗaya da Bayahude, ko ya ba shi hannu suka gaisa? Da wuya a samu ko mutum guda. Amma sunan kam kullum yana bakinmu. Muna jin sa wurin tafsiri da azumi, muna jin sa a rediyo in ana labarin Falasɗinu, yana faɗo mana cikin WhatsApp, kuma a kasuwa in mutum ya cika maƙo sai ka ji an ce, "Ai wane Bayahude ne." To mutanen da muke ambata safe da yamma, ya kamata a ce mun san daga ina suka fito, me suka yi imani da shi, yaya suke bauta. In ba haka ba, duk wanda ya zo mana da magana a kansu, gaskiya ce ko ƙarya, haɗiyewa kawai za mu yi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Abin da ke gabanka tarihi ne, ba fatawa ba. Fatawa tana da masu ita. Kuma daga gida zan fara, don hanyarmu da tasu ta taɓa haɗuwa.

Gashin jimina

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya gina ganuwar Birni kuma ya riƙe Damagaram har rasuwarsa a 1884, ayari kan tashi daga unguwar Zango ya nufi arewa. Raƙuman Abzinawa na ɗauke da jemammun fatu, hauren giwa da gashin jimina, a bayansu kuma ga bayi a ƙasa, wannan ma ba za mu ɓoye ba. Su bi ta Damargu da Agadas, su ratsa duwatsun Abzin, su faɗa Gat da Gadamus, sai Tarabulus a bakin teku bayan tafiyar watanni. In za su dawo su taho da yadi, allura, madubi, sukari da takarda. Takardar nan mai alamar jinjirin wata uku da malamanmu suka rubuta littattafai a kanta, a Italiya ake yin ta, kuma da yawanta ta wannan hanya ta iso.

Fataken da ake gani a Zango Larabawan Gadamus ne da na Tarabulus. Amma can a Tarabulus, da yawa daga cikin gidajen kasuwancin da ke ba su kaya bashi, su kuma sayi gashin jiminar, na Yahudawa ne, irin su gidan Arbib. Su ke tantance gashin, su ware mai kyau da maras kyau, su loda shi jirgin ruwa zuwa Landan da Paris, inda matan Turawa ke ƙawata huluna da shi. Ka ga ke nan mafarauci a dajin Damargu da Bayahude a kantinsa na Tarabulus sun ci abinci da sana'a ɗaya, ko da yake ba su taɓa ganin juna ba. Hanyar ta mutu ne bayan 1911, shekarar da Italiya ta afka wa Tarabulus, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano. Ko bayan nan wani Bayahude ɗan Tarabulus, Saul Raccah, ya zauna Kano har ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sayen gyaɗa.

To su wane ne mutanen nan da ke can ƙarshen hanyar ayari?

Asalinsu

Annabi Ibrahim (AS) ya haifi Isma'ila da Is'haƙa. Ta tsatson Isma'ila Manzon Allah (SAW) ya fito. Is'haƙa kuwa ya haifi Yaƙubu, wanda ake kira Isra'ila, kuma zuriyar ƴaƴansa 12 su ne Bani Isra'ila. Ɗaya daga cikin ƴaƴan sunansa Yahuza, daga gare shi sunan Yahudu ya samo asali. Wato da su da Larabawa ɗan wa ne da ɗan ƙane. Har a harshe ana ganin zumuncin. Da Ibrananci suna cewa shalom inda Balarabe zai ce salam. Ranar hutunsu shabbat, ita ce Asabar ɗin da muka aro daga Larabci. Masana harsuna ma sun sa Hausa cikin babban dangi ɗaya da harsunan biyu: mu mu ce mutu, Balarabe ya ce maut, su su ce mawet.

Labarin shigarsu Misra a zamanin Annabi Yusufu, da bautar da Fir'auna ya sa su, da fitarsu tare da Annabi Musa, kun san shi daga surorin Yusuf, Baƙara, Ɗaha da Ƙasas. Babu annabin da aka ambaci sunansa cikin Alƙur'ani kamar Musa, har sau 136. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne abin da ya biyo bayan Annabi Dawuda da ɗansa Sulaimanu, wanda ya gina babban ɗakin ibada a Baitul Maƙdis, wanda suke kira Haikali.

Bayan Sulaimanu masarautar ta rabu biyu, Isra'ila a arewa, Yahuza a kudu. Assuriyawa suka cinye ta arewa wajen shekara ta 722 kafin Miladiyya. A 586 kafin Miladiyya sarkin Babila, Bukhtanasar, ya rushe Haikalin ya kwashe manyan mutane zuwa ƙasar da yau ake kira Iraƙi. Da Sairus sarkin Farisa ya ci Babila a 539, sai ya bar su su koma, suka sake gini. Wannan gini na biyu Rumawa suka rushe shi a shekara ta 70 Miladiyya, bayan wata tawaye. Suka sake tawaye daga 132 zuwa 135, Rumawa suka murƙushe su, suka hana su zama cikin birnin.

Riƙe shekara ta 70 ɗin nan da kyau, don ita ce mabuɗin fahimtar addininsu na yau. Kafin nan ibadarsu ta ta'allaƙa ne ga yanka da hadaya a Haikali, a hannun limamai zuriyar Annabi Haruna. Da Haikali ya faɗi, yanka ya tsaya. Sai jagoranci ya koma hannun malamai, waɗanda suke kira rabbi, addu'a da karatu suka maye gurbin hadaya. Mutanen da ba su da ƙasa ba su da sarki, suka warwatsu daga Yaman har Andalus, abin da ya riƙe su kusan shekara 2,000 shi ne littafi da makaranta.

Littattafansu

Babban littafinsu suna kiran sa Tanak, kashi uku ne, littafi 24. Kashi na farko Attaura, littafi 5 da suke jingina wa Annabi Musa. Na biyu littattafan annabawa. Na uku sauran rubuce-rubuce, a ciki ne Zabura take, mai babi 150. Attaurar da ake karantawa a majami'arsu da hannu ake rubuta ta a kan fata, a naɗe ta kamar tabarma. Ana karanta wani yanki a bainar jama'a ranakun Litinin, Alhamis da Asabar, a sauke ta cikin shekara guda, a sake faro wa.

Bayan wannan akwai abin da suka ce an karɓo da baki, malami daga malami. An tattara shi wajen shekara ta 200 Miladiyya aka kira shi Mishna. Malaman Falasɗinu da na Iraƙi suka yi ta sharhi da muhawara a kansa na ƙarnoni, har aka samu Talmud. Wanda ya taɓa zama gaban malami ana karatun Muhtasar da sharhohinsa, wane ya ce kaza, wane ya saɓa masa, zai gane yanayin littafin. Malamansu sun ƙidaya dokoki 613 a cikin Attaura: 248 umarni, 365 hani.

A nan akwai saɓani na asali tsakaninmu. Mu Musulmi mun yi imani an saukar wa Musa Attaura, amma mun tafi a kan cewa wadda ke hannun mutane yau hannu ya taɓa ta. Su kuma masu riƙo da addini cikinsu sun tafi a kan cewa ita ce dai wadda aka ba Musa a dutsen Sina.

Aƙidarsu

Tushen addininsu kaɗaita Allah. Ba su yarda da Allah uku cikin ɗaya ba, ba su yarda a yi masa siffa ko gunki ba, kuma ba za ka ga mutum-mutumi a majami'arsu ba. Suna da kalmar shaida da suke maimaitawa safe da dare, su koya wa yaro, su so ta zama maganar ƙarshe ta mai barin duniya. Saboda girmamawa ba sa furta sunan Allah da ke rubuce cikin Attaura, sai su ce Ubangiji ko su ce Sunan. Na san wani zai tambaye ni zancen Uzairu da ya zo cikin Suratut Tauba. Malaman tafsiri da dama sun bayyana cewa wasu ne daga cikinsu suka faɗi haka, ba dukkansu ba, kuma Yahudawan yau ba sa faɗin wannan magana.

Abu na biyu shi ne alkawari. Sun yi imani Allah ya ƙulla alkawari da Ibrahim, ya sabunta shi da Bani Isra'ila a Sina, ya zaɓe su su ɗauki dokokinsa. Shi ya sa ba sa yawon kiran mutane zuwa addininsu. A wurin masu bin tsohuwar koyarwa, Bayahude shi ne wanda uwarsa Bayahudiya ce, ko wanda ya shiga addinin bayan dogon karatu a gaban malamai. Wanda ba Bayahude ba, a ganinsu, dokoki 7 na zuriyar Annabi Nuhu ne a kansa, irin su barin bautar gumaka, kisa, zina da sata.

Abu na uku, suna jiran Almasihu, mutum daga zuriyar Dawuda wanda zai tara su ya kawo zaman lafiya. Ba su karɓi Annabi Isa (AS) a matsayin Almasihu ba, ba su kuma karɓi manzancin Annabi Muhammadu (SAW) ba. Nan ne hanya ta rabu, kuma ba ƙaramar rabuwa ba ce.

Ibada da abinci

Mai riƙo da addini cikinsu yana addu'a sau uku a yini, safe, la'asar da dare, yana fuskantar Baitul Maƙdis. Addu'ar jam'i ba ta tsayuwa sai an cika mutum 10. Ana yi wa ɗa namiji kaciya ran da ya kwana 8. Yaro ya shekara 13, yarinya 12, dokoki sun hau kansu. Suna ba da tsedaka, ka ji ta kusa da sadaka. Mamaci a wanke shi, a sa masa farin likkafani, a binne shi ba jinkiri, iyalinsa su yi zaman makoki kwana 7.

Asabar kuwa ita ce alamar da aka fi sanin su da ita. Tana shiga da faɗuwar rana ranar Juma'a, ta fita da duhun daren Asabar. Malamansu sun jera nau'in aiki 39 da aka hana: ba noma, ba ɗinki, ba rubutu, ba hura wuta. Masu tsanantawa a yau ko mota ba sa tuƙawa, ko waya ba sa taɓawa. Ka ƙaddara manomi a Durum, damina ta kankama, ciyawa ta taso, amma rana guda kowane mako ba zai ɗauki hauya ba.

Wajen abinci mun yi tarayya da su a haramcin alade, jini da mushe, kuma dole a yanka dabba da wuƙa mai kaifi. Amma nasu ya fi namu tsauri. Naman raƙumi da na zomo haramun ne gare su. Kifi sai mai ɓawo, saboda haka tarwaɗa ba ta shiga tukunyarsu. Ba sa haɗa nama da nono a ci ɗaya, har kwanonin ma daban-daban ne. Wanda ya ci tsire sai ya jira sa'o'i, wasu har 6, kafin ya sha fura da nono. Fara kuwa, wasu nau'o'inta halal ne, Yahudawan Yaman sun daɗe suna cin ta kamar mu. Giyar inabi ce ta raba mu: mu haramun ce, su kuwa har cikin shagalin Asabar da idi suna sa mata albarka su sha.

Watanninsu na ganin wata ne, amma sukan ƙara wata guda sau 7 cikin kowace shekara 19, don kada idinsu ya riƙa zagaya damina da rani kamar yadda azuminmu ke yi. Manyan ranakunsu sun haɗa da Fesah, tunawa da fita daga Misra, inda suke mako guda suna cin gurasar da ba ta kumbura ba. Akwai Sukkot, idin bukkoki, tunawa da zaman jeji. Mafi girma ita ce Yom Kippur, ranar neman gafara, 10 ga watan farkon shekararsu, azumin kusan sa'a 25 ba ci ba sha.

Zama da Musulmi

Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya yi hijira a 622, ya tarar da manyan ƙabilun Yahudawa uku a Madina: Banu Ƙainuƙa'a, Banu Nadir da Banu Ƙuraiza. Aka rubuta yarjejeniya wadda ta bar wa Yahudawa addininsu, ta ɗora wa kowa kare garin. Musulmi suka yi wata 16 ko 17 suna salla suna fuskantar Baitul Maƙdis kafin a juya alƙibla. Daga baya zama ya ɓaci. Littattafan sira sun kawo warware alkawari da yaƙi: aka fitar da Ƙainuƙa'a a shekara ta 2 bayan hijira, Nadir a ta 4, aka zartar wa mazan Ƙuraiza hukuncin kisa a ta 5 bayan yaƙin gwalalo, aka ci Haibara a ta 7.

Amma littattafan nan dai su ne suka ba mu labarin Abdullahi ɗan Salam, malaminsu da ya musulunta, da Mukhairiƙ da ya fita yaƙin Uhudu tare da Musulmi aka kashe shi, da Nana Safiyya Uwar Muminai, ƴar shugaban Banu Nadir. Su ne suka ce Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, kuma ya bar duniya sulkensa na jingine wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Wanda ya karanta rabi ya bar rabi bai karanta sira ba.

A daulolin Musulunci Yahudawa sun zauna a matsayin ƴan amana: su biya jiziya, a tsare musu rai da dukiya da addini, tare da wasu ƙa'idoji da suka sa su ƙasa da Musulmi. Wani zamani da daɗi, wani da wuya. Babban malaminsu Musa ɗan Maimun, haifaffen Ƙurɗuba, danginsa sun gudu daga Andalus saboda tsananin daular Muwahhidun, amma a Misra ya zama likita a fadar gidan Salahuddin, ya rasu can a 1204. Da Larabci ya rubuta yawancin littattafansa, amma da baƙaƙen Ibrananci, kamar yadda muke rubuta Hausa da ajami. A 1492, da Kiristocin Sifen suka ci Garnaɗa, sai suka kori Yahudawa kaf daga ƙasar. Ƙasashen Musulmi sun karɓi da yawa daga cikinsu: Fas, Tilimsan, da daular Usmaniyya ta Sarki Bayazid na II.

Rikicin Tuwat

Yanzu mu dawo Sahara. Tun kafin zamanin gashin jimina da ɗaruruwan shekaru, akwai Yahudawa a garuruwan bakin hamada, maƙeran zinariya da ƴan kasuwa. Taswirar nan ta 1375 da ta zana Mansa Musa na Mali riƙe da curin zinariya, wani Bayahude na tsibirin Mayorka ake jingina wa ita, Ibrahim Kreskes. A 1447 wani ɗan kasuwa Ba'italiye, Antoniyo Malfante, ya rubuto wasiƙa daga Tuwat, a kudancin Aljeriya ta yau, ya ce Yahudawa suna da yawa a wurin kuma suna zaune lafiya ƙarƙashin kariyar manyan gari.

Sai ga Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan, ya zauna Tuwat. Ya ga Yahudawan garin Tamanɗiɗ sun yi ƙarfi, sun shige wa masu mulki. Ya yi fatawa cewa sun warware amanarsu kuma majami'arsu ba ta halatta ba, a rushe ta. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ce a'a. Aka aika tambaya Fas, Tilimsan da Tunis. Malamai suka rabu: Shehu Tanasi da Shehu Sanusi suka goyi bayan Magili, Ibnu Zakri muftin Tilimsan ya tsaya a ɗaya ɓangaren. Duka Malikawa ne, kuma Wansharisi ya adana amsoshinsu cikin littafinsa Al-Mi'iyar. A ƙarshe Magili ya tara mutane, wajen 1492, aka rushe majami'ar, aka kashe wasu Yahudawa, saura suka watse.

Wannan Magilin shi ne wanda ya biyo ta Abzin ya zo Kano da Katsina, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa littafin sharuɗɗan mulki, ya wuce Gawo ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa hujja da rubuce-rubucensa sosai. Babban malami ne, ba mai musun wannan. Yana Gawo labari ya iso masa an kashe ɗansa a Tuwat, aka ɗora wa Yahudawa. Cikin zafin rai ya nemi Askiya ya kama mutanen Tuwat da ke Gawo, aka kama su. Sai Malam Mahmudu ɗan Umar, malamin Tumbutu, ya ce waɗannan ba su yi laifin komai ba. Aka sake su. Shehu Ahmad Baba na Tumbutu ne ya rubuta mana wannan labari.

Ɗan'uwa, tsaya ka duba. Malamai ne na ƙasarmu da mazhabarmu, sun yi saɓani a kan haƙƙin Bayahude, kowa da hujjarsa, har ƙaramin malami a lokacin ya iya tsayawa gaban sarki da babban shehi ya ce ba a kama wani da laifin wani. Bayan haka dai Askiya ya hana Yahudawa ƙasarsa. Sai wajen 1860 wani rabbi ɗan garin Akka na Maroko, Mordekai Abi Serur, ya samu shiga Tumbutu ya yi ƴan shekaru yana kasuwanci da danginsa.

Ƙarni na 20

A Turai kuwa wuyar da suka sha ta fi. An kore su daga Ingila a 1290. A ƙasashe da yawa an hana su mallakar gona da shiga sana'o'i, aka tura su ga ba da bashi da ruwa, sa'an nan aka dawo ana zagin su da son kuɗi. Yawancin zancen maƙon Bayahude da ya cika duniya daga nan ya yaɗu. A 1903 aka buga wani littafi a Rasha wai asirin taron dattawan Yahudawa ne na mallake duniya. A 1921 jaridar Times ta Landan ta tona cewa ƙirƙira ce, an kwafo shi daga wani littafin Faransanci da ba ruwansa da Yahudawa. Har yau ana yawo da guntayensa a wayoyi. A yaƙin duniya na biyu, gwamnatin Hitila ta Jamus ta kashe Yahudawa kimanin miliyan 6, da mata da yara.

Tun 1897 wani ɗan jarida, Tiyodo Hazal, ya tara taro a garin Basel na Suwizalan don neman wa Yahudawa ƙasa a Falasɗinu. Wannan motsi na siyasa shi ne Sahyoniyanci. Ingila ta yi musu alkawari a 1917, aka kafa Isra'ila ran 14 ga Mayu 1948, Falasɗinawa fiye da 700,000 suka rasa gidajensu. A 1967 Isra'ila ta mamaye gabashin Ƙudus, Gaza da Yammacin Kogin Jodan. Abin da ya faru tun harin 7 ga Oktoba 2023 da yaƙin Gaza, da dubun-dubatar rayukan da suka salwanta, kun gani da idonku. Nijar ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, ta maido a 1996, ta sake yankewa a 2002.

Rikicin ya kuma kawo ƙarshen tsohon zaman Yahudawa a ƙasashen Larabawa. A Tarabulus, inda gashin jiminarmu ke sauka, an kashe fiye da 100 a tarzomar Nuwamba 1945, mafi yawa suka bar Libiya tsakanin 1949 da 1951, ragowar a 1967. Yau Yahudawan duniya duka ba su wuce miliyan 16 ba, wato ba su kai mutanen Nijar yawa ba. Kusan rabi suna Isra'ila, mafi yawan saura suna Amurka. Cikinsu akwai farare, akwai masu kama da Larabawa, akwai baƙaƙe ƴan Habasha. Akwai masu tsananin riƙo, akwai masu sassauci, akwai waɗanda ba ruwansu da addini sam. Da yawa suna goyon bayan Isra'ila, wasu suna sukar gwamnatinta, wasu malamansu ma sun ce kafa ƙasar kafin zuwan Almasihu saɓon Allah ne.

Guzurin da za ka tafi da shi

Na farko, ka riƙa rarrabewa. Bani Isra'ila na zamanin annabawa daban, addinin Yahudanci daban, gwamnatin Isra'ila daban. Tsayawa da Falasɗinawa a kan zaluncin da ake musu ba ya bukatar ka yi wa mutum miliyan 16 kuɗin goro. Duba aya ta 75 da ta 113 a Ali Imrana, ka ga yadda Alƙur'ani da kansa ya rarrabe tsakanin Ma'abota Littafi, ka kuma duba aya ta 8 a Ma'ida kan adalci ga wanda kake ƙi.

Na biyu, kafin ka tura saƙo gaba ka tambayi kanka wa ya faɗa, a ina, yaushe. Mai gaskiya in ya haɗa da ƙarya, gaskiyar tasa yake raunanawa.

Na uku, ka kama bakinka. Marowacin kasuwarmu marowaci ne, ka kira shi da sunan halinsa.

In ka shiga Damagaram, ka ratsa Zango ka dubi tsofaffin gidajen fatake, ka samu dattijo ka tambaye shi labarin Larabawan Tarabulus da ayarin Gat tun masu labarin suna raye. Abin da ya shige maka duhu cikin rubutun nan kuma ka kai wa malaminka. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya sa mu zama masu adalci cikin fushi da yarda, ya kawo wa waɗanda ake zalunta mafita.